Ɓarin Tumaki da Shanu a Gidajen Hausawan Zangon Wagadugu: Hannun Mage, Kare, Bijimi da Ƙuda

Tsakure

Wannan takarda ta duba asarar ciki da rashin ɗaukar ciki a tumaki da awaki da shanun da ake kiwo cikin birnin Wagadugu da kewayensa, tare da ɗaukar gidajen Hausawan Zango a matsayin misali. Ta tsaya a kan ƙwayoyin cuta huɗu masu zama a jikin dabba suna ci daga gare ta: toksoplazma, niyospora, tirikomonas da ƙwayar sammore. Hujjarta ita ce, a idon mai kiwo ɓari ɗaya ne, amma matakin da ya kamata a ɗauka bayansa ya sha bamban gwargwadon ƙwayar da ta jawo shi. Abin da zai bambance su kuwa, wato ɗan tayi da mabiyiya, shi ake fara jefarwa a juji.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya san Wagadugu kafin 2003 ya san Zangouettin, unguwar Hausawa da ke tsakiyar birni, wadda asalinta ke komawa ga fataken da ke ratsa ƙasar Mosi a hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. A 2003 gwamnati ta rushe ta a ƙarƙashin shirin ZACA, tare da sassan Koulouba da Tiedpalogo da Peuloghin da Kamsaoghin. An tashi mutum fiye da 12,000, aka ba su filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko 1. Unguwa ta watse, amma sana'a ta bi masu ita: fawa, kilishi, tsire, dillancin dabbobi a kasuwar Tanghin, da kuma turke a kusan kowane gida. A sabbin unguwanni, da ma waɗanda ba a yanka filayensu ba a gefen birni, tunkiya ita ce asusun mace. Da ita ake raɗin suna, da ita ake biyan kuɗin makaranta, ɗanta ne ragon layyar baɗi.

Ƙidayar dabbobi ta ƙasa da aka yi a 2003 ta nuna Burkina Faso na da shanu miliyan 7.3, tumaki miliyan 6.7 da awaki miliyan 10. Ƙidaya irin wannan tana lissafa abin da ke tsaye da ƙafafunsa ne. Ɗan da ya zube a wata na huɗu ba ya shiga ciki, haka ma saniyar da ta shekara biyu ana kai ta ga bijimi ba ta riƙe ba. Ga macen da ke da tumaki uku, ciki guda da ya zube dusar wata biyar ce da harawa suka tafi a banza, ga kuma sabon jira. A kan wannan asara da ba ta shiga littafi ba nake son mu yi magana.

2.0 Ba kowane ɓari ne bakkale ba

In tunkiya ta yi ɓari, bayanin da ake bayarwa a gida bai wuce uku ba: an buge ta, ta ci leda ko wani mugun abu, ko kuwa cutar bakkale ce. Magani kuma ɗaya ne, a kira mai allura ya yi mata teramisin.

Bakkale gaskiya ce, kuma tana nan. Wani bincike da aka buga a 2004 a kan shanun madara na unguwar Hamdalaye, inda Fulani ke kiwo a tsakiyar gidaje, ya sami alamarta a jinin kimanin kashi 13 cikin 100. Wani da aka buga a 2012, wanda ya haɗa garkunan ciki da gefen birnin, ya samu ƙasa da kashi 4. Ko da mun ɗauki adadi mafi girma, shanu kusan tara cikin goma ba su da ita, ɓari kuwa bai tsaya a kan na goman ba. Akwai sauran masu laifi da ba su cikin batunmu: yunwar rani, annobar ƙananan dabbobi mai sa zawo da majina, da zazzaɓin Rift wanda ya zubar da cikin dabbobi ya kuma kashe mutane a Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa a 2016. Amma akwai wani rukuni da ba a cika ambata ba a bakin turke, kuma teramisin ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Ana zaton wuta a maƙera, ita kuwa tana masaƙa.

3.0 Toksoplazma: daga buhun dusa zuwa mahaifa

An gano Toxoplasma gondii a 1908, lokacin da Nicolle da Manceaux suka gan ta a jikin wani ɓeran duwatsu a birnin Tunis, Splendore kuma ya gan ta a zomo a Barazil cikin shekarar. Sai cikin shekarun 1950 likitocin dabbobi a Niyuzilan suka tabbatar ita ke zubar da cikin tumaki. Hanyar da take bi ta isa ga dabbar da ba ta cin nama kuwa ba ta fito fili ba sai 1970, da aka gano cewa a hanjin mage da danginta kaɗai ƙwayar ke yin aure ta zuba ƙwai.

Ga yadda abin yake. Mage, galibi ƙarama, ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ƙwayar. Bayan 'yan kwanaki sai ta shiga zubar da ƙwai cikin kashinta, miliyoyi, na tsawon mako ɗaya zuwa biyu, ba tare da ta nuna wani ciwo ba. Ƙwan ba ya kama kowa ranar da ya fito. Sai ya kwana ɗaya zuwa biyar ya nuna. In ya sami inuwa da laima yana iya wuce shekara da ransa. 'Yan ɗaruruwa daga cikinsa sun isa su kama tunkiya.

Yanzu mu shiga gidan mahauci a Nioko. A ɗakin ajiya akwai buhun dusar masara a buɗe, da angurya, da damin harawar wake da aka saya da kaka kafin ta yi tsada. Hatsi na jawo ɓeraye, don haka ba a korar mage; ana ma jin daɗin zamanta, kuma mu Musulmi mun san matsayinta a gida. In maigida ya dawo daga mayankar Kossodo, ko ana gyaran naman kilishi a tsakar gida, 'yan guntaye da kitse nata ne, ɗanye. Ta haihu a bayan buhuna. 'Ya'yanta kuma, da yake mage na son wuri mai laushi da za ta tona ta rufe, ba su da masai da ya fi dusa. Da safe yarinya ta ɗebo kwano biyu, ta dama da ruwa, ta kai wa tumaki. Babu wanda ya yi sakaci a ma'aunin gidan, amma zagayen ƙwayar ya cika: nama zuwa mage, mage zuwa dusa, dusa zuwa tunkiya, tunkiya ta koma nama.

Abin da zai faru ya danganta da inda cikin ya kai. Cikin tunkiya kwana 150 ne, ko ƙasa kaɗan. In ƙwayar ta shiga a watanni biyun farko, tayin kan mutu jiki ya shanye shi, mai ita ba ta ga komai ba sai ta ce barbarar ba ta kama ba. In a tsakiya ne, daga wajen kwana 70 zuwa 120, sai a ga ɓari, ko a haifi ɗa ba rai, ko rarrauna da ba ya iya tashi ya sha nono. Sau da yawa tagwaye ne, ɗaya da rai, ɗaya busasshe mai launin ƙasa. In kuwa a ƙarshen ciki ne, ɗan na fitowa lafiya lau, da ƙwayar a jikinsa. Uwar a duk wannan ba ta kwanta ba. Zazzaɓin 'yan kwanaki ne da ba kowa zai lura da shi ba. Akuya ta fi tunkiya shan wuya, ita har mutuwa takan yi. Shanu kuwa da wuya toksoplazma ta zubar musu da ciki.

Akwai alama a mabiyiya wadda ido ke iya gani. Curarrakin naman da ke manne a jikinta sukan fito da ɗige-ɗige farare, kowanne kamar ƙwayar gero, fatar da ke tsakaninsu kuwa tana nan garau. A bakkale akasin haka ake gani: fatar tsakanin ce ke kauri ta yi rawaya-rawaya. Wannan ba ya maye gurbin gwajin ɗakin bincike, amma malamin dabbobi da aka nuna wa sau biyu ba zai manta ba.

Me alƙaluman yankinmu suka ce? A Bobo-Julaso, binciken da aka buga a 2012 ya sami alamar toksoplazma a jinin fiye da rabin tumakin da aka gwada. A Dakar, a tumakin da ake kiwo cikin gidaje, wani na 2019 ya samu kusan kashi 60. Amma a jihar Borno, a 2010, Kamani da abokan aikinsa sun samu kashi 6.7 a tumaki da 4.6 a awaki. Hanyoyin gwajin ba ɗaya ba ne, don haka kada a jera su kamar an auna da mudu ɗaya. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a ɗora wa hanyar gwaji kaɗai ba, kuma ta dace da halin ƙwan: rana da ƙasa busasshiya na kashe shi, gindin randa da bakin famfo da ɗakin ajiya na raya shi.

Daga nan ne nake so in kawo hasashen da ya fi damuna, kuma hasashe nake kiransa, ga masu bincike su gwada. Tunkiyar da ta taɓa kamuwa ta sami garkuwa. Da wuya toksoplazma ta sake zubar mata da ciki. Wadda ke cikin haɗari ita ce wadda ba ta taɓa haɗuwa da ƙwayar ba sai da ciki. To, wace tunkiya ce wannan a Wagadugu? Ita ce doguwar Bali-bali da ta taso a dajin Dori ko Jibo, inda mage ba ta da yawa kuma ƙasa ta bushe, dillali ya kawo ta Tanghin ta hanyar Kaya ko Puytenga, ya daddanna cikinta ya ce wa mai saye, “Hajiya, wannan riba biyu ce.” A ranar ta bar cin ciyawar daji ta koma cin dusar gida. Bayan wata guda ta zubar, sai a ce wahalar mota ce, ko a zargi dillali da sayar da mai ciwo. Mai yiwuwa lafiyarta ƙalau ya kawo ta, a gidan ta gamu da abin. Rashin tsaron da ya raba mutum kimanin miliyan 2 da gidajensu zuwa 2023, akasari daga arewa da gabas, ya ƙara turo dabbobin Sahel cikin birane, don haka tambayar ta ƙara muhimmanci.

Akwai allurar rigakafi. An fara sayar da Toxovax a Niyuzilan a 1988, a Birtaniya a 1992, kuma tana aiki. Sai dai ƙwaya ce mai rai, kwanakinta kaɗan ne bayan an haɗa ta, tana son sanyi ba yankewa, kuma dole a yi ta aƙalla mako uku kafin barbara. A gidan da rago ke kwana da tumaki shekara zagaye, wa ya san ranar barbara? Ba na ganin nan ne mafitarmu. Murfi a kan durom ɗin dusa ya fi ta araha. Kashe maguna ma ba dabara ba ce: babbar mage da ta riga ta kamu da wuya ta sake zubar da ƙwai da yawa, kuma in an kawar da ita ƙanana ne za su cike gurbinta, su kuwa su ne masu zubarwa. A bar babba, a rage haihuwa, a daina ba ta ɗanyen nama, a rufe ɗakin abinci.

Batun bai tsaya ga dabba ba. Binciken da Simporé da abokan aikinsa suka buga a 2006, a kan mata masu ciki a cibiyar lafiya ta Saint Camille a nan Wagadugu, ya sami alamar toksoplazma a kusan mace ɗaya cikin huɗu. Yawancin masu karanta wannan adadi sukan tsaya a kan ɗayar. Ukun ne abin dubawa, don su ne ba su da garkuwa, kuma in ɗayarsu ta kamu da ciki a jikinta ana iya samun ɓari, ko taruwar ruwa a kan jariri, ko lahanin ido da ba zai bayyana ba sai yaro ya girma. Hanyar kamuwar mutum ita ce naman da bai dahu ba, ƙasa ko ruwan da kashin mage ya taɓa, ganyen da ba a wanke ba, wani lokaci da ɗanyen nonon akuya. Zafin da ya kai digiri 67 a tsakiyar nama yana kashe ƙwayar. Tsiren da aka ɗauke da ja a ciki don mai saye na sauri bai kai haka ba. Masu fawa da gashi namu ne, saƙon a bakinsu zai fi tafiya.

4.0 Kare da bijimin aro

Neospora caninum ta yi kama da toksoplazma har an daɗe ana ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya. A 1984 aka fara lura da ita a karnuka a Norwe, Dubey da abokan aikinsa suka raɗa mata suna a 1988, a 1989 aka same ta a 'yan tayin shanun madara a Amurka, a 1998 aka tabbatar kare ne ke zubar da ƙwanta. Wani lissafi na 2013 ya ƙiyasta asarar da take jawowa a ƙasashe goma kacal da fiye da dala biliyan 1 a shekara. Ɓarinta ya fi yawa tsakanin wata na biyar da na bakwai.

Wani zai ce Bahaushe ba ya ajiye kare a gida, me ya haɗa shi da wannan? Maƙwabcinsa na ajiyewa, na titi na yawo a juji, kuma gonakin madara da ke gefen birni, inda alhazanmu ke zuba jari, kusan duk da karen gadi. Kare ya ci mabiyiyar saniya, ya yi kashi kusa da kwamin ruwa, shi ke nan. Amma kare mabuɗi ne kawai. Da ƙwayar ta shiga garke, babbar hanyarta daga uwa ce zuwa 'ya tun a ciki, kuma a wasu garkunan fiye da kashi 90 na 'ya'yan saniya mai ita da ita ake haifarsu. Maraƙar ta fito lafiya, ta girma, ta zama karsana mai kyau, ta yi ɓari a cikinta na fari, ko kuma ta miƙa wa tata 'yar. Babu maganin da ke fitar da ita daga jikin saniya. Wannan ya shafi duk mai sayen Azawak ko Gudali ko ruwa-biyun Holstein da Montbéliarde da tsada don ya kafa zuri'a: gwajin jini kafin a biya kuɗi ya fi duba haƙori da hantsa.

Tritrichomonas foetus ita ba ta bukatar mage ko kare. A kuben bijimi take zaune, tana wucewa ga saniya wajen barbara. Bijimin ba ya nuna komai, kuma in ya haura shekara uku ko huɗu yakan riƙe ta har mutuwa. Saniyar na ɗaukar ciki, ya lalace da wuri, sai a ga ta sake neman bijimi bayan wata biyu ko uku maimakon kwana 21 da aka saba. Wata mahaifarta ta cika da mugunya. In an bar ta ta huta 'yan watanni takan warke da kanta. Mai saniya biyu a birni ba ya iya ciyar da bijimi, sai ya ara, kuma bijimin da kowa ke nema shi ne babba, mai tozo, wanda ya daɗe yana aiki, wato dai wanda ya fi haɗari. Ƙarshenta saniyar ce ake kira juya a kai ta kasuwa, shi kuma ya ci gaba da zagaya unguwa. Gano ƙwayar na bukatar a wanko kuben sau uku, mako guda tsakani, a sa cikin ruwan rainon ƙwaya nan take. A Turai barbarar roba ce ta kusan kawar da ita.

5.0 Sammore da sauran masu shan jini

Sammore kowa ya san ta da rama da fari-farin ido da zubar gashin wutsiya. Abin da ba a cika dangantawa da ita ba shi ne haihuwa. A nan aikin Zariya ya yi mana rana. A 1986 Ogwu da abokan aikinsa suka sa wa karsanu masu ciki ƙwayar sammore Trypanosoma vivax, abin ya fi muni ga waɗanda ke watanni ukun ƙarshe: haihuwar bakwaini da mutuwar maruƙa. Sekoni kuma, a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ya nuna cewa T. vivax da T. congolense na lalata maniyyin bijimai da raguna, kuma ba ya dawowa daidai har bayan makonni da yin magani. Maniyyin bijimi na ɗaukar kusan wata biyu kafin ya haɗu, don haka bijimin da ya miƙe ya koma cin ciyawa bai zama ya warke ta wannan fanni ba. Saniyar da jininta ya yi ƙasa kuwa takan daina neman bijimi gaba ɗaya.

Tsando ne ƙudan da ke yaɗa sammore, Wagadugu kuwa ba ƙasarsa ba ce a yau. Iyakar ƙudan ta ja baya kudu tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, ya rage a bakin kogunan Muhun da Komowe da dazukan kudu. Amma shanun 'yan birni da ke hannun Fulani na gangarawa wajen Lewo da Po, har cikin Gana, da rani, su dawo da ƙwayar a jini. Kuma a 2003 da 2004 Desquesnes da Dia, masu aiki da cibiyar CIRDES ta Bobo-Julaso, sun nuna a Lahirasso cewa ƙudaje masu cizo dangin bobuwa na ɗaukar T. vivax daga saniya zuwa saniya ba tare da tsando ba. Saniya ɗaya da ta dawo daga kudu ta isa ta raba wa waɗanda ba su je ko'ina ba.

Magungunan kuma sun tsufa. Berenil tun 1955 yake, Samorin tun farkon shekarun 1960. An fara ganin ƙwayar da ba ta jin su a Samorogouan cikin lardin Kenedugu tun shekarun 1980, kuma gwajin ingancin da aka buga a 2018 a kan waɗanda ake sayarwa a Afirka ta Yamma ya nuna kimanin rabi ba su cika ma'auni ba. Ƙara da cewa a kasuwa ana raba ƙunshi ɗaya ga shanu biyu. Gidan rainon tsando da aka buɗe a Darsalami kusa da Bobo a 2017, don sakin mazan da aka kashe wa haihuwa, aiki ne mai kyau, amma na dogon zango.

Tsutsar ciki da ta hanta da kaska ba su shiga mahaifa, ƙarfin uwa suke cinyewa. Tsutsar tumbi Haemonchus contortus na zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, kuma ta fi cin tunkiya dab da haihuwa da lokacin shayarwa. Tsutsar hanta na jiran dabbar da ke kiwo a bakin madatsun ruwa na birni da na Lumbila. Kaskar Amblyomma na lalata kan nono, ɗan ya rayu a ciki ya mutu a waje don yunwa. Sabuwar kaska Rhipicephalus microplus, da aka fara gani a Kodebuwa a 2007, ta shigo kudu maso yammacin Burkina a 2011 da zazzaɓin jan fitsari.

6.0 Hukunci uku a kan abu ɗaya

Mu ɗauki gidaje uku da aka yi asarar ciki a mako guda. A na farko toksoplazma ce: tunkiyar ta sami garkuwa, ita ce yanzu ta fi kowace aminci a turken, a riƙe ta. A na biyu niyospora ce: saniyar na iya maimaitawa, 'ya'yanta mata ma haka, kada a ajiye zuri'arta don haihuwa. A na uku tirikomonas ce: saniyar ta huta, bijimin ya tafi mayanka. Abin da ake yi a yau kuwa ɗaya ne a duk gidajen, allura, in an maimaita a sayar da macen. A gida na farko an sayar da mai garkuwa an sayo marar garkuwa. A na biyu an miƙa cutar ga wani. A na uku an hukunta wadda ba ta da laifi.

Gwajin jini kaɗai ba zai raba wannan gardama ba. Yana nuna dabba ta taɓa haɗuwa da ƙwaya ne, ba ya cewa ita ta zubar da wannan ciki. Inda tumaki shida cikin goma ke ɗauke da alamar, samunta a jinin wadda ta yi ɓari ba labari ba ne. Yawancin alƙaluman da na kawo a sama irin wannan ne, kuma sun yi aikinsu: sun nuna ƙwayoyin na nan. Mataki na gaba na bukatar ƙwaƙwalwar ɗan tayi da zuciyarsa da curarrakin mabiyiya. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, ba a gano dalilin ɓarin shanu a fiye da rabin abin da aka kai, kuma rashin mabiyiya ko ruɓewarta na cikin manyan dalilai. Mu a nan kafin rana ta ɗaga yaro ya kai su juji, kare ya ɗauka, mage ta lasa. An rasa shaida, an kuma ciyar da masu yaɗa cutar da ita.

Littattafan likitancin dabbobi sun ce a fara bincike in ɓari ya wuce kashi 2 cikin 100 a garken tumaki. An rubuta wannan ne don mai tumaki 500. Mai uku ba ta da kashi 2. Ko babu, ko sulusi. Garken birni shi ne unguwa: rago ɗaya, mai dusa ɗaya, juji ɗaya, maguna masu tsallaka katanga. Saboda haka a unguwa ya kamata a yi lissafi, kuma mutanen Zango na da tsarin da zai ɗauki wannan, daga sarkin Zango da sarkin fawa zuwa limamai da uwayen adashi. Littafi ɗaya a hannun mutum ɗaya ya isa: rana, irin dabba, watannin ciki, cikin fari ne ko a'a, haifaffiyar gida ce ko sayowa aka yi, daga wace kasuwa. Bayanin ƙarshen nan kaɗai zai gwada hasashen da na kawo kan tumakin Sahel cikin damina biyu.

Kirana ga ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa da ke nan Wagadugu, da cibiyar binciken noma ta INERA, da CIRDES, da malaman Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, shi ne a zaɓi unguwa biyu ko uku a ajiye akwatin sanyi da lambar waya, a karɓi ɗan tayi da mabiyiya kyauta, a kuma mayar wa mai dabba da sakamako cikin harshen da take ji. Ga masu turke kuma, in abin ya faru, mace mai ciki kada ta taɓa, don bakkale da zazzaɓin Rift ta nan suke kama mutum. Namiji ya sa leda a hannu, ya ƙulle ɗan da mabiyiyar a wata leda mai tsabta, ya sa ƙanƙara, ya kai wa malamin dabbobi a ranar. In babu halin kaiwa, a haƙa rami mai zurfi a binne, a ɗora dutse. Kada a kai juji.